Tabon da Na Wanke

Ni mutum ce mai son wanki. Ban ce na fi kowa tsafta ba, amma in na ga tabo a jikin tufa, ko ta wace ce, hannuna ƙaiƙayi yake yi. Mahaifiyata ce ta yi min wannan tarbiyya a Zariya. A gidanmu ba a mayar da kayan aro sai an wanke, an goge, an turara, ba a kuma fitar da tufa gaban baƙi da datti a jikinta. Da wannan hali na girma, da shi na yi aure, da shi kuma na sauka Kuala Lumpur lokacin da maigidana ya samu gurbin karatun digiri na uku. A can ne halin ya jawo min abin da har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna.

Muna zaune a wani dogon bene a Pantai Dalam, hawa na tara, mu da yaranmu biyu. Da korona ta zo aka sa dokar kulle, duniyarmu ta dawo ɗaki biyu da falo. Maigida ya mamaye teburin cin abinci da takardunsa, yara suna karatu ta waya, in na yi musu magana da Hausa su mayar min da Turanci. Ni kuwa na jawo keken ɗinkina kusa da taga na shiga ɗinka takunkumi, ina raba wa mutanen benen. Ta haka na saba da maƙwabciyata, wadda ƙofarta ke kallon tamu.

Budurwa ce 'yar ƙasar, siririya, mai gajeren gashi, ba ta cika magana ba. Tana aiki a wani ɗan ƙaramin gidan tarihi a Brickfields, ba na gwamnati ba, a saman wani shagon kayan yaji. Kak take ce min, wato yaya. In na yi masa sai na rataya mata a hannun ƙofa, ita kuma ba ta taɓa dawo min da kwano ba wanki ba, ba ta kuma taɓa dawo da shi wayam ba. Wannan kaɗai ya isa ta shiga raina.

Da aka rufe wurin aikinsu, ga ruwan saman garin da ba ya sallama, rufinsu kuma yana yoyo, sai ta kwaso kayan da suke shirin baje kolinsu ta kawo gida. In ƙofarta tana buɗe nakan hango ta zaune a ƙasa cikin kwalaye, da farar safa a hannu, tana ɗaga tsofaffin hotuna a hankali. Na taɓa tambayarta kayan mene ne. Ta kalli hijabina, ta kalli kwalayen, ta ce tarihin wasu mutane ne da ba a cika tunawa da su ba. Ba ta ƙara ba, ni ma ban tsawaita ba.

Wata safiya ta ƙwanƙwasa min ƙofa da wani ƙunshi a farar takarda mai laushi. Ta ce riga ce, kebaya, irin ta matan ƙasar mai dogon hannu da aikin zare a gaba. Ɗinkin hammata ya ɓalle, in aka sa wa mutum-mutumi haka za ta ƙarasa yagewa. Tana so in kama mata da allura da siririn zare.

“Ta wata tsohuwa ce, a da ita ke yi wa amare kwalliya,” in ji ta. “Ɗinkin kawai, Kak, boleh, zai yiwu? Kada ki yi mata komai ban da ɗinkin.”

Na ce kada ta damu. Wayarta ta yi ƙara, ta koma ciki da sauri.

To, a wurinmu in mutum ya kawo miki abu ya ce kada ki wahalar da kanki, kara ce yake yi miki, ke kuma sai ki nuna kin san ya kamata. Haka na ɗauki maganarta. Da na buɗe takardar na ga riga mai ruwan ganye, aikin hannu ne na gaske, irin wanda ba a yi yanzu. Amma daga wuya zuwa ƙirjin hagu akwai wani tabo ruwan ƙasa da ya bushe ya yi tauri, bakin hannun dama ma haka, bayanta kuma duk dauɗa. Raina ya ɓaci a madadin tsohuwar da ban sani ba. Na ce yaran zamani ke nan, an yi boko an manta da mutunci, za a kafa rigar dattijuwa jama'a su zo su kalla da ƙazanta a wuya.

Na yi ɗinkin cikin rabin awa. Sannan na ɗauko shuɗin bokitina, wanda nake wanke kayan yara a ciki, domin shi ne mafi tsafta a gidan, ba ya ganin tsumman goge ƙasa. Na jiƙa rigar a ruwan sanyi da gishiri, na bi tabon da lemun tsami da sabulu, ina murzawa da ɗan yatsa don kada zaren ya ji ciwo. Tabon ya yi gardama, ni ma na yi. Kwana biyu muna fama, sau uku ina jiƙawa, har ya saki, sai wata 'yar inuwa da sai wanda ya sani zai gani. Na shanya a inuwa, na goge ta ƙarƙashin ƙyalle, na ɗora a kabbasa na turara ta da turaren wutan da nake ɓoyo don Sallah.

Maigida ya ɗago daga takardunsa ya ce, “Ke dai ba a ba ki aiki ki tsaya inda aka ce. An ce miki ɗinki kawai, kin buɗe laundry.”

Na ce masa ya ji da chapter ɗin da malaminsa ya dawo masa da shi sau uku. Na naɗe rigar a takardarta, na tsallaka da ita ina jiran godiya.

Maƙwabciyata ta buɗe takardar a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon wuyan rigar, sannan ta sulale ta zauna a ƙasa, a nan kan siminti. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta ce, “Kak, tabon nan shi ne abin da za mu nuna.”

A nan zaune ta faɗa min abin da ta ɓoye min. Baje kolin da suke shiryawa na tarihin mutanen da a can ake kira mak nyah ne, waɗanda aka haifa maza suka yi rayuwarsu a matsayin mata, da sauran waɗanda soyayyarsu ko shigarsu ta sa ake tsangwamarsu. Mai rigar ɗaya ce daga cikin dattijansu. Shekara kusan arba'in da suka wuce ta gama shirya wata amarya, tana tsaye a bayan gidan biki da ƙawayenta, jami'an hukuma suka zo suka kwashe su saboda kayan matan da ke jikinsu. An ja ta a ƙasa, an fasa mata baki, an aske mata kai. Jininta ne a wuyan rigar. Tun daga ranar ba ta sake sa ta ba, ba ta kuma wanke ba. Ta sauya ɗaki ya fi a ƙirga, ta sayar da gado da keken ɗinki a lokacin babu, amma rigar tana nan. Shekara guda maƙwabciyata ta yi tana lallashinta kafin ta ba da aro. Ta ƙi a ɗauki hotonta, ta ƙi a naɗi muryarta, ta ƙi a rubuta sunanta. Ta ce rigar ta isa, ita za ta yi magana.

 Garin neman gira na rasa ido, kuma ba idona ba ne, na wata ne. Amma tunda na ɗauki alƙalami zan faɗi duka. Ban da kunya da nadama, akwai wani tunani da ya gilma min a lokacin, tunanin bokitin yarana. Na tuna wani ɗan daudu a unguwarmu da nake ƙarama, wanda ba a biki sai an kira shi ya tsaya kan tukunya. Kowa na yabon hannunsa, kowa na dariyar barkwancinsa, amma in ya ci abinci a gidanmu kwanonsa daban ake ajiyewa. Ban taɓa tambayar dalili ba. Da ya rasu ban ji wanda ya ce ga inda kayansa suka tafi ba.

Maƙwabciyata ta ce za ta kira tsohuwar ta gaya mata. Na ce a'a, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, ni na yi ɓarnar, ni zan je in faɗa. Sai dai dokar kulle ba ta bar mu ba. Makonni muka yi muna jira, rigar tana cikin kwali a ɗakinta, ƙamshin turarena yana fitowa duk sanda ta buɗe ƙofa. A kwanakin ko wankin gidana ban yi da daɗin rai ba.

Da aka sassauta muka hau jirgin ƙasa zuwa Brickfields, kowa da takunkumi. Muka ratsa masu saƙa furanni da masu soya abinci da suka fara buɗewa, muka hau wani tsohon bene har hawa na uku. Ƙofar katako a buɗe, ta ƙarfe a rufe. Ta ciki na hango robobin shinkafa jere a kan tabarma sun kai talatin. Maƙwabciyata ta raɗa min cewa tun farkon kulle tsohuwar ke haɗa abinci ta waya, wannan ya kawo shinkafa, wancan ya kawo ƙwai, ana kai wa matasan mak nyah da suka rasa aiki a shagunan gyaran gashi kuma ba su da gidan iyaye da za su koma.

Ta fito tana dafa bango. Doguwa ce, ta haura saba'in, da ɗankwali a kai. Yatsunta sun kumbura sun lanƙwashe saboda ciwon gaɓoɓi, amma girarta a zane take tsaf, ban san yadda ta yi da waɗannan hannuwa ba. Mak kowa ke ce mata, wato inna, ni ma haka na ce. Kafin mu buɗe baki ta tambaye mu ko mun ci abinci.

Na ce, “Mak, ba cin abinci ya kawo ni ba. Laifi na yi miki.”

Na miƙa mata ƙunshin ta tsakanin ƙarafunan ƙofar, na faɗa mata komai da guntun Turancina, maƙwabciyata tana cike min da Malayanci. Ta buɗe. Ta sa ɗan yatsa a wuyan rigar ta bi shi har ƙirji, ta sake bi. Daga shagon ƙasa na ji ana zuba mai a kasko. Daga nan ta sauke takunkuminta ta kai rigar hancinta.

“Da hannu kika wanke ko da inji?”

Na ce da hannu.

“A cikin me?”

Na ce a bokitin da nake wanke kayan yarana.

Ta ɗago ta kalle ni sosai. Ta ce bayan an sako ta a wancan lokacin gidan yayarta ta koma, ta yi wata shida. An ba ta ɗaki, an ba ta abinci, ba a taɓa yi mata gori ba. Amma bokitinta daban, igiyar shanyarta ma daban, can bayan gida kusa da kaji. Ta ce tun rasuwar mahaifiyarta ba wanda ya taɓa sa hannu ya wanke mata tufa.

Sai ta ce, “Lokacin da kika wanke, kin san ta wace ce?”

Na ji maƙwabciyata ta taɓa min gwiwar hannu, na kuma san abin da take roƙo. Ƙarya ɗaya da ta rufe maganar, kowa ya tafi da daɗi. Amma matar da ta yi shekara arba'in tana ajiyar gaskiyarta a kwali ba ta cancanci in yi mata ƙarya a ƙofar ɗakinta ba. Na ce, “Ban sani ba, Mak.”

Ta gyaɗa kai. “Gara da kika faɗa. Ni ma ba zan ce miki ban ji zafi ba. Jinina ne, shi kaɗai ne shaidata, waɗanda aka kama mu tare duk sun mutu.” Ta naɗe rigar a hankali ta miƙa wa maƙwabciyata. “To, riga ta yi shiru. Sai mai riga ta yi magana ke nan. Ki sama min kujera mai jingina, bayana ba ya son benci.”

Ba ta bar mu mun tafi ba sai da ta ba kowannenmu robar shinkafa.

Watanni bayan haka aka buɗe baje kolin. Ba a yi shela ba, baki da baki aka gaya wa mutane, domin a ƙasar abu ne da ake taka-tsantsan da shi. Na gaya wa maigida inda za ni da abin da ake nunawa. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce Allah ya kiyaye hanya. A ƙofa aka auna zafin jikina, ana shigar da mutum goma goma.

Ɗaki biyu ne kacal, amma na fi awa biyu a ciki. Na yaba wa maƙwabciyata, yarinyar ta san aikinta. A bango ɗaya ta jera hotunan amare na shekaru da shekaru, kowace ta sha ado, a gefen kusan kowane hoto kuma akwai hannu yana gyara mayafi ko yana riƙe da madubi, an yanke mai hannun daga hoton. Ƙarƙashinsu ta rubuta tambaya ɗaya, wai hannun wane ne. Akwai gwangwanin biskit cike da wasiƙun da wasu maza biyu suka yi ta rubuta wa juna har tsufa. Akwai wata ƙatuwar tukunya da gindinta ya yi baƙi, wadda aka ciyar da marasa lafiyar da danginsu suka guje su. Akwai ƙyallen zanga-zanga da aka rubuta da fenti, harafin ƙarshe ya matse saboda wuri ya ƙare. Ba a ƙawata komai ba, ba a kuma roƙi tausayin kowa ba.

A ɗaki na biyu rigar take, a jikin mutum-mutumi, fes da ita. Takardar da ke ƙasa ta faɗi gaskiya, cewa akwai jini a wuyanta shekara arba'in, wata maƙwabciya ta wanke bisa kuskure a lokacin kulle. A gefenta kuma ga Mak a kujera mai jingina, matar da ta ce ko hotonta ba za a ɗauka ba. Duk rukunin da ya shigo sai ta ɗaga lanƙwasasshen yatsanta ta nuna wuyan rigar inda babu komai, ta ce daga nan jinin ya fara, nan ya tsaya. Ta faɗi yadda aka ja ta, ta faɗi yadda gashinta ya zuba a kan siminti. Ba ta zagi kowa ba. Ta fi daɗewa a kan abin da ya biyo baya, yadda ta bi ɗaki ɗaki tana tara 'yan'uwanta, yadda suka nemo lauyan da zai saurare su, yadda suka riƙa haɗa hannu suna yi wa nasu sutura in dangi sun ƙi zuwa ɗaukar gawa. Wani matashi a kusa da ni yana kuka har takunkuminsa ya jiƙe. Sau shida ta maimaita labarin a ranar, muryarta tana dusashewa, ba ta rage ko kalma ba.

Ni ba malama ba ce, ban kuma je can don in yanke wa kowa hukunci ba. Abin da aka raine ni a kai yana nan a zuciyata, akwai tambayoyin da har yau ban warware ba. Amma na san jarumta in na gan ta, kuma ban taɓa ganin irin ta wannan tsohuwa ba. Na ƙwace mata abin da take fakewa a bayansa, maimakon ta janye sai ta fito ta zauna a gurbinsa.

Da ta hango ni a bayan mutane ta ce da su, “Ga mai wankin nan. Ku riƙe rigunanku da kyau.” Aka yi dariya, ni ma na yi, fuskata tana zafi.

Da mutane suka ragu na je na durƙusa na gaishe ta. Ta jawo wata leda daga ƙarƙashin kujera ta ɗora min a cinya. Ɗankwali biyu ne da rigar zaman gida, duk sun ji jiki.

“Hannuwan nan ba sa iya matsa kaya yanzu,” in ji ta. Ba roƙo a muryarta, ba kuma gwaji a fuskarta. “Wannan karon kin san na wace ce.”

Na rungume ledar a jirgi har Pantai Dalam. Da na isa gida maigida yana kan takardunsa, yara suna kallo, ba wanda ya tambaye ni abin da na riƙo. Na wuce banɗaki na tura ƙofa. Bokiti biyu ne a wurin, shuɗin na kayan yara da baƙin da nake jiƙa tsumma da tabarmar ƙofa. Ba wanda zai gani, Mak ma ba za ta taɓa sani ba. Na tsaya a tsakaninsu da leda a hannu, kuma tsayuwar ta fi tsawon da nake so in faɗa. Sannan na jawo shuɗin, na sakar masa ruwa.